Inna Kwali da Ɗakin Hayaƙi

Ku matso nan, 'yan mata, ku masu fararen kaya da ake turowa daga makarantar koyon jinya. Ku kifa wayoyin nan a cinya tukuna. Na ji abin da ɗayarku ta faɗa rannan a bakin famfon asibiti, ba ta san ina bayanta da tuluna ba. Wai aikin atanda a ɗakin haihuwa ai ɗaukar bokiti ne da goge jini, ko akuya aka ɗaura wa zane za ta iya. Ban ji haushi ba. Wallahi dariya ma na yi, don sai da na hango akuyar da zanenta. Amma tunda kunnena ya ɗauka, bari in ba ku labarin ɓangaren aikin da ba a rubuta muku a allo.

Sunana Asabe, sai dai in kuka shiga garinmu kuna neman Asabe za a yi ta yawo da ku gida-gida. Ku ce Inna Kwali. Ni ba mai yawo ba ce. Gidana da asibiti katanga ɗaya ce tsakani, haka na tsufa: gida, asibiti, gida. Ko Bici sai da dalili mai ƙarfi nake zuwa.

Haihuwa mai rai kowa ya san hanyarta. A yi guɗa, a naɗe jariri, a kama hanyar gida. To cikin da ya zube fa? Likita zai tsayar da jini, Sista ta ɗaura ruwa, su wanke hannu su wuce gado na gaba, kuma daidai suka yi, masu rai na jiransu. Abin da ya rage a cikin tasa, wannan nawa ne.

Wadda ta koya mini, Baba Yalwa, tsohuwar ungozoma ce da asibiti ya ɗauka tun kafin a sa masa wutar lantarki. Ranar da na fara, na zo da ɗokina, sai ta zube mini dankali a kan benci, manya da ƙanana, ta miƙo mini ƙyalle ta ce, "Naɗe." Na ce, "Baba, dankali?" Ta ce, "Da ɗan mutane kike so in bar ki ki koya?" Haka na yi ta naɗe dankali ina ɗaurewa, in kwantar da shi a kwali, in cusa tsumma a gefe da gefe. Ita kuma sai ta ɗauki kwalin ta kai kunne ta girgiza. In ta ji motsi ko kaɗan, sai ta zazzage ta ce a sake. Ta ce mini uban da ya ɗaura kwali a bayan babur, in duk ramin da ya faɗa yana jin abu na gungurawa a bayansa, wannan ƙarar ba za ta bar kunnensa ba har ya mutu. Da la'asar kuma ta dafa dankalin mu ci, don ita ba ta san asara ba.

Dokar aikin daga limamin masallacin asibiti muka karɓe ta. In halitta ta bayyana, a goge jini, a naɗe a farin ƙyalle, a binne. Ba a yi masa salla tunda bai yi kuka ba. In kuwa halitta ba ta bayyana ba, Baba Yalwa ta ƙara tata dokar: ko gudan jini ne, ƙasa za shi, ba bola ba. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, mai son ƙarin bayani ya tambayi malamai.

Kayan aikina ba su da yawa. Safar hannu, sabulu, farin ƙyalle da nake roƙa a wurin teloli in sun yi yankan kayan salla, da dagi da 'yar fartanya. Sai uban tafiya, kwali. Kada ku ga kwali ku ce kwali ne. Na taɓa ba wani bawan Allah kwalin taliya, ya isa gida da shi, matan gidan suka fito suna sannu da zuwa, a ba mu namu, yara na tsalle a bayan babur. Tun daga ranar na haramta wa kaina kwalin kayan abinci. Kwalin magani yana da ƙwari, amma masu tsaron hanya sai sun tsayar da mutum sun ce buɗe mu gani. Wanda ya fi duka kwalin sabulu. Ga ƙarfi, ga ƙamshi, kuma babu yaron da ke bin sabulu da gudu. In cikin ƙarami ne, kwalin takalmi. Baƙar leda kuwa ko da wasa. Baƙar leda ta cefane ce.

Masu zuwa karɓa iri-iri ne. Akwai uban da zai karɓa bai dube ki ba, ya rungume ya wuce. Akwai kakar da sai ta kwance ta leƙa, cikin wata biyar fa, ta ce, "Hancin gidanmu ne." Wani ya taɓa tambayata ko zai yanka rago, na tura shi wurin liman. Akwai kuma masu cewa, "Inna, ki ji da shi, Allah ya biya ki." Ba rashin imani ba ne. Wani garinsu da nisa, wani matarsa na kwance ba mai zama da ita. Kuma kun san yankinmu ba daji. Ka fita daga gonar wani ka faɗa ta wani, maƙabarta ma sai an yi rigima da masu gero kafin ta samu wurin shaƙar iska.

Don haka muke da ɗan fili a bayan ɗakin haihuwa, ƙarƙashin wani gawo, Baba Yalwa ta kewaye shi da shingen cini-da-zugu. Nan nake kai waɗanda aka bar mini. Sauran filin bayan asibiti kuwa Malam Sale maigadi ne ke noma shi. Duk damina sai ya matso da kunya ɗaya wajen shingena, ni kuma in bi da fartanya in baje. Mu gaisa da safe kamar ba abin da ya faru.

To, ga shekarar da ta kusa kashe sana'ar.

Akwai wani jami'i da ke zuwa daga Kano duba tsaftar asibitoci, muna ce masa Malam Duba-gari. Matashi ne mai ladabi, har ƙasa yake gaishe ni. Wata rana ya tarar da yaran unguwa a bolar asibiti suna tsintar tsofaffin sirinji suna fesa wa juna ruwa. Hankalinsa ya tashi, kuma da gaskiyarsa. Ya yi ta kai-komo har wata ƙungiya ta gina mana wurin ƙona allurai da auduga. Suna ce masa inji, amma ba inji ba ne. Ɗan ɗaki ne na jan bulo, da ƙofar ƙarfe, da dogon bututu a ka. Mutanen gari suka sa masa Ɗakin Hayaƙi. Da yake ko'ina gonar Malam Sale ce, inda aka samu wuri shi ne bayan ɗakin haihuwa, dab da shingena.

Aka yi taron buɗewa, aka sha lemo, aka miƙa wa Malam Sale mukulli. Aka ce da kalanzir yake ci, kalanzir yana hanya. Kalanzir bai zo ba. Ɗaki ya zauna sabo fil, ko tsinken allura bai taɓa shiga ba.

Ana nan damina ta fasa tanderun Laure, matar Malam Sale, wadda ke sayar da gurasa a ƙofar asibiti. Malam Sale ya dubi matarsa tana kuka, ya dubi ɗakin bulo, ya dubi mukulli. Suka yaɓe cikin da yumɓu, suka hura da kara. Jama'a, ban taɓa cin gurasa irin wannan ba. Laushi, ga tashi, bayanta ja kamar an shafa mata manja. Dukanmu mun sani, dukanmu muna ci, har likita. Da Malam Sale ya ga abin ya karɓu, sai ya ƙara da babbakar kan akuya da ƙafafu duk ranar kasuwa.

Yanzu ku tsaya a inda matan ƙauye ke tsayawa, a baranda, ku ga abin da suke gani. Ga Inna Kwali ta fito daga ɗakin haihuwa rungume da kwali. Ta sha kwanar baya. Can ta dawo hannu rabbana. Ga hayaƙi yana tashi daga kwanar nan. Ranar kasuwa kuma ga ƙauri. Ku da kanku me za ku ce?

Ni a gidan suna na fara ji. Na shiga, mata suka yi tsit, wata ta jawo ɗanta ta cusa a bayanta. Da na zauna kusa da zana, sai na ji ta ɗaya ɓangaren ana cewa, "Ita ce mai kai su. Wanda ya nace sai an ba shi nasa, dutse suke saka masa a kwali." Mai maganar nan, da na leƙa, gurasar Laure take gutsira.

Mata suka ɗauke ƙafa. Ɗakin haihuwa ya zama wurin barcin kyanwa. Mai ɓari sai ta zauna a gida tana zubar da jini ana ba ta jiƙo. A shekarar nan an binne mata waɗanda da an kawo su da wuri da yanzu suna aurar da 'ya'ya. Na san wasunsu da sunansu.

Za ku ce don me ba mu fito mun faɗi gaskiya ba. Mun zauna a kai. Malam Sale ya ce in Kano ta ji, aikinsa ya tafi. Sista ta ce in gari ya ji gurasar daga ɗakin can take fitowa, ba za su ce ba a ƙona yara ba, cewa za su yi tare ake sawa. Sai muka ce to a daina hura wutar. Aka daina. Ba a jima ba Malam Duba-gari ya bugo wa likita waya, ya ce direbobin hanya sun gaya masa hayaƙinmu ya tsaya, lafiya? Ashe duk asibitocin da aka gina wa irin ɗakin nan, namu ne kaɗai ke hayaƙi, da mu yake misali a ofis. Ya ce in wata matsala ce zai zo da kansa ya duba ciki. Washegari tun da sassafe Laure ta kwaɓa fulawa.

Ranar da abin ya fashe ranar kasuwa ce, da kaka, da hantsi. Malam Duba-gari ya zo ɗaukar hoton hayaƙi da wayarsa. An ba shi shayi da gurasa ya ci ya yaba. Sai ga amalanken shanu ya tsaya a waje, bai shigo ƙofa ba. Na leƙa na ga Yaya Dije, wata dattijuwa daga wani ƙauye ta wajen Kunci. 'Yarta Mariya na kwance a kan tabarma an lulluɓe ta, jini na ɗiga ta tsakanin katako. Na san su. Mariya ta taɓa ɓari a wurinmu, ni na miƙa wa Yaya Dije kwalin da hannuna. Wannan karon cikin ya kai wata biyar, ɗan ya daina motsi, bai kuma fito ba. Mijin yana ci-rani, ƙaninsa ne ke jan shanun.

Sista ta fito da gudu, ta duba idon Mariya ta ce, "Mama, a shigo da ita yanzu."

Yaya Dije ta ce, "A nan za ki yi mata allurar. Mu juya."

"Wannan ba aikin allura ba ne. Sai an fitar da shi, sai an ƙara mata jini."

"To ba a fitar da shi a gidan nan." Ta nuna bututun da haɓa. Hayaƙi na tashi, ga ƙauri ya cika wurin. A hannunta akwai gurasa da ta saya a nan bakin ƙofa, tana ɗan gutsira tana kai wa bakin Mariya, Mariya na kau da kai.

Na matsa na ce, "Yaya Dije, ni ce fa. Asabe."

"Na gan ki. Ke na fi gani ma."

"A hannunki zan sa shi, kamar wancan."

"Kwali a rufe? Na san me ke ciki? Ki saka mini dankali in je in binne?"

Ku ji fa. Dankali. Na ce, "A gabanki zan naɗe."

Mariya ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Inna Kwali, don Allah kada a ƙona mini shi." Muryar kamar ta sauro.

Yaya Dije ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Rantse da Allah ba a ƙona komai mai rai a ɗakin can."

Na buɗe baki zan rantse, sai na tuna kan akuyar Malam Sale, wanda da safiyar nan ma yana da rai. Na tsaya ina lissafin yadda zan jera rantsuwar ta fita daidai. Wannan ɗan shirun shi ya ɓata komai. Yaya Dije ta juya ta ce da mai shanu, "Juya su."

Ban san lokacin da na cafke wuyan hannunta ba. Na ce da Sista ta riƙe shanun nan ko da haƙori ne. Na ja tsohuwa, tana turjewa tana salati, muka sha kwana. Na fizgi dagina a jikin bango.

Malam Sale ya hango mu, ya rugo ya tsaya a bakin ƙofar ƙarfe ya ware hannuwa. "Asabe, don girman Allah ki rufa mini asiri. Yara sun cika mini gida."

Yaya Dije ta ce, "Kin ji ko! Asiri! Da bakinsa!"

Malam Duba-gari yana gefe da wayarsa a sama. Ya sauke ya ce, "Inna, ba a buɗe shi yana ci. Abin da ke ciki duk cuta ne, ko shaƙa ba a so a yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka gafarce ni. Malam Sale, kauce ko in haɗa da ƙafarka."

Na sa dagi na ɗaga sakata. Ƙofa ta buɗe.

Gurasa ce jere a jikin bango, sahu-sahu, sun yi ja sun kumbura. A ƙasa, kan wayar ƙarfe, ga kan akuya ya yi baƙi, ya washe haƙora yana kallonmu. Daidai nan Laure ta ɓullo da faifai za ta kwashe, ta gan mu, ta juya da faifanta.

Yaya Dije ta dubi bango, ta dubi gurasar da ke hannunta, ta sake duban bango. Ta ce, a hankali, "Tare kuke sa su?"

Abin da Sista ta hango tun farko, ai kuwa ga shi.

Malam Duba-gari ya tuna gurasar da ya ci da shayi ya ce, "Inna... alluran fa? Audugar fa?"

Na ce, "Ko ɗaya bai taɓa shiga ba, ranka ya daɗe. Kalanzir bai zo ba. Ci gurasarka da kwanciyar hankali, ɗakin nan ya fi madafar gidan kowa tsafta." Ya zauna a kan bulo, na rasa ko daɗi ya ji ko baƙin ciki. Ina jin shi ma bai sani ba.

Yaya Dije ba ta yarda da baki ba. Ta zari kara ta durƙusa tana tona tokar da kanta, tana jawowa tana murzawa tana shinshinawa. Toka ce ta kara, sai gashin akuya. Ni kuwa hankalina na kan amalanke. Ta miƙe ta ce, "To ina kike kai su?"

Na ce, "Juyo."

Shingen yana nan bayanta, taku kaɗan. Na ɗaga reshen da nake tare ƙofa da shi. Ga su nan a inuwar gawo, 'yan tudu ƙanana, kowanne da ɓallin tukunya a kansa don kada in sake haƙa wurin. Na ƙarshen ko bushewa ƙasarsa ba ta yi ba. Yaya Dije ta tsuguna ta ɗora tafin hannu a kai. Ta ce, "Ina suke fuskanta?" Na ce alƙibla, a kan ɓarin dama. Ta ɗaga kai ta ga kututturan gero har jikin shinge. Ta harari Malam Sale ta ce, "Kai ne mai cin gonar yara? Gurasar ba ta ishe ka ba?" Sannan ta miƙe, ta sa hannu biyu a baki, ta kwarara kira da muryar da ban san tana da ita ba: "Ku shigo da ita!"

Ashe Sista ba ta tsaya jiranmu ba. Ta riga ta sa wa Mariya ruwa a kan amalanken, mai shanu na riƙe da ledar ruwan a sama kamar tuta. Haka aka shigo da su har bakin baranda, shanu da komai.

Aka nemi jini. Na mai shanu bai dace ba, na Yaya Dije an ce ta tsufa. Malam Duba-gari ya naɗe hannun riga ya ce a gwada nasa. Ya dace. Ina tsaye kusa ana ɗiba, Malam Sale na leƙe ta taga yana cewa, "Ranka ya daɗe, jinin nan ai da gurasarmu a ciki, a duba lamarina." Bai kula shi ba. Idonsa na kan rufi ya ce da ni, "Inna, bara matata ta yi ɓari a birni. Na biya komai, na kai ta gida. Ban tambayi inda aka kai shi ba." Na ce masa ko'ina akwai irina, Allah ya sa ta can ma tana da kwali. Abin da na iya faɗa ke nan, don ban sani ba.

Ita kuwa Yaya Dije ta shiga ɗakin ajiyata ta zazzage kwalayena duka, tana shinshina ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen daddawa. Ta zaɓi na sabulu, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin haihuwa ta ɗora shi a cinya. Ba wanda ya isa ya wuce da ko tasa sai ta leƙa.

Namiji ne, bai wuce tafin hannuna da kaɗan ba. Na goge shi, na kai wa Mariya ta gan shi, sannan na naɗe a gaban uwarta, na kwantar, na cusa tsumma gefe da gefe. Na kai kunne na girgiza. Shiru. Yaya Dije ta karɓa, ita ma ta kai nata kunnen ta girgiza, ba tare da ta tambayi dalili ba. Mai shanu ya tafi da shi ƙauye kafin azahar, ita ta zauna jinya. Mariya ta tashi. Daga baya ta haifi 'ya mace a ɗakin nan, yarinyar yanzu har tana tallan gyaɗa.

Bakin Yaya Dije ya zaga ƙauyuka fiye da rediyo. Mata suka riƙa zuwa ayari-ayari, ba awo ba, kallon ɗaki. Kowacce sai ta leƙa, sannan ta zo ta tsaya a bakin shinge. In sun gama kallo Sista ta tare su ta auna.

Malam Duba-gari bai kori kowa ba. Ya dawo da jarkokin kalanzir a bayan motarsa, ya tsaya a kan Malam Sale har ya kankare yumɓun nan tas, aka fara ƙona allurai da auduga. Hayaƙin ya koma baƙi ƙirin, ga wari kamar an ƙona taya. Ba wanda ya ji tsoro. Wata ta ce mini ai da ma wannan ne hayaƙin hukuma, mai ƙamshin nan ne bai kwanta mata ba. Malam Duba-gari ya kuma sa aka ja bulo aka kewaye gindin gawo, rigimata da Malam Sale a kan kunyar gero ta ƙare, har na ɗan yi kewarta. Laure ta sayi sabon tanderu, amma gurasar ba ta ƙara yin kamar da ba. Yaya Dije kuwa, har ta rasu, in ta zo gari sai ta tsaya a ƙofar asibiti ta gutsira ta ce, "Kun dai ɓata gurasa."

Abu ɗaya na ƙara a kan dokar Baba Yalwa. Tun daga ranar ban sake shan kwanar nan ni kaɗai da kwali ba. Ko mutum ya ce "Inna, ki ji da shi," sai na ce na ji, amma taso mu je, ka riƙe mini fartanya. Wani ya yi ta gunaguni a hanya. Ban taɓa ganin wanda ya yi gunaguni a dawowa ba.

Yanzu na ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Dagin yana jingine a bayan ƙofar ɗakin haihuwa, ƙyalle na cikin tsohuwar tasa mai murfi, kwalayen sabulu na kan durowa, har yau ni nake aiko da su ta kan katanga. Wata rana wata tsohuwa za ta tare ɗayarku a baranda, kin gama aikinki tsaf, jini ya tsaya, ruwa na tafiya, ta miƙo hannu biyu ta ce, "Ina jikana?" Ke mai maganar akuya, me za ki ɗora mata a hannun?